Daddawar Chaina

Shekara 35 na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, tun muna cikin jihar Filato har aka yanka mana Nasarawa a 1996, kuma ban tuna ranar da yaro ya yi mini tambaya na ce masa ban sani ba. In na sani, na faɗa. In ban sani ba, sai in haɗe rai in ce aikin gida ne, kowa ya kawo amsa ranar Litinin. Da na yi ritaya na kwashi halin nan na kai majalisarmu ta gindin dalbejiya a Bukan Sidi, gab da teburin mai shayi. Matsalar majalisa ita ce babu wanda za ka ba aikin gida, nan take ake son amsa. To ni ne mai bayanin abin da ya tayar da dala, ni ne mai fassara rikicin Rasha da Yukren, ni na san ranar da jirgin ƙasa zai dawo tashar Lafiya, ko da yake na ɗaga ranar sau huɗu. A fannin shayi kuwa ba a ja da ni. Da hanci nake bambance Lipton da ganyen Mambila, kuma ni na koya wa mai shayinmu cewa kanumfari uku sun ishi tukunya.

Ana nan sai ɗan ƙanwata ya dawo daga Gwangzu, inda yake saro fitilun sola da cajar waya. A tsaitsaye ya biyo ta gida, ko injin mota bai kashe ba. Ya durƙusa ya miƙo mini wata leda, ya ce, "Kawu, ga tsarabarka," ya ce sauri yake yi, kaya na jiransa a Legas. Kafin in gama sa masa albarka ya sha kwana.

Abin da ke cikin ledar ya yi kama da ƙaramin faifai, an naɗe shi da farar takarda mai laushi, an cika ta da rubutun nan nasu mai kama da sawun kaji a kan rairayi. Da na warware sai ga wani abu baƙi-baƙi mai ratsin ja, kaurinsa kamar yatsa biyu, taurinsa kamar bulo. A bayansa akwai rami a tsakiya sai ka ce cibiya. A fuskarsa an binne wata 'yar takarda, rabinta a ciki rabinta a waje. Na kai hanci, na ji warin ƙasar da ruwan farko ya daka, haɗe da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Abubuwa uku kawai na iya karantawa: 7572 a gaba, 357g a ƙasa, sai wasu lambobi takwas a baya da tawadarsu ta koɗe, 20210315. Waɗannan na ɗauka lambar wayar kamfani ce. Ba zan ɓoye muku ba, na kira. Wata mata ta ce mini lambar ba ta cika ba. Na kira ɗan ƙanwata, wayarsa a kashe.

Uwargida ta karɓa, ta shinshina sau biyu, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Malam, ai daddawa ce."

"Daddawa?"

"Ta Chaina. Dubi yadda aka mulmule ta aka danne. Kuma ba ka ji warin ba?"

A nan ne ya kamata mutum mai hankali ya ce bari mu tambaya. Ni kuwa sai na gyara zama na ce dama abin da nake shirin faɗa ke nan, mutanen Sin sun daɗe suna yin daddawa da waken suya. Wannan magana gaskiya ce. Sai dai ba ta da wata dangantaka da abin da ke hannunmu.

Washegari aka yi tuwon masara miyar kuka. Da taɓarya Uwargida ta ɓare kusan kwata, don wuƙa ta gaza, ta daka ta zuba. Miya ta zo baƙa ƙirin kamar tawadar allo, ga wasu ganyayyaki sun buɗe suna iyo a sama, ga 'yan tsinkaye. Loma ta farko ta kama mini harshe kamar na tauna ɗanyen goro da ƙasa. Yara suka kalle ni. Ni na ba da shaidar daddawar, don haka na ce haka tasu take, sai baki ya saba, na kuma cinye malmala biyu don a ga misali.

A daren nan babu wanda ya runtsa a gidana. Ƙarfe biyu na fito tsakar gida na tarar da Uwargida tana tsince shinkafar da ba a yi niyyar dafawa ba sai jibi. Autanmu yana shara yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa na kwanta ina lissafa manyan biranen ƙasashen Afirka daga arewa zuwa kudu, na gama na dawo daga kudu zuwa arewa, har aka kira assalatu.

Da la'asar na kai abin majalisa, ba don in yi tambaya ba, Allah ya kiyaye, sai don in ji ra'ayin jama'a kafin in yanke hukunci.

Wanda ya fara karɓa abokin wasana ne, wani Bafillace mai sayar da shanu da muke kira Ardo ko da yake babu wanda ya naɗa shi. Ni Babarbare ne, garin nan ma Lafiyan Barebari ake ce masa tun zamanin Dunama, kuma kowa ya san tsakaninmu da Fulani babu kunya. Ya juya shi, ya shinshina, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai duba saniya a kara.

"Babarbare, wa ya ba ka wannan?"

"Daga Chaina aka kawo mini."

"To wallahi yaron nan ya san darajarka. Kashin shanu ne. Na rani, wanda ya bushe sosai. Ni fa a cikinsa na girma." Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. "In kana so gobe in kawo maka buhu guda, ba sai an hau jirgi ba."

Da aka gaya masa an yi miya da shi, sai da aka riƙe shi don kada ya faɗo daga benci.

Mai maganin gargajiyar da ke yawo da lasifika a kasuwar Alhamis ya karɓa ya lasa. Ya ce ya san shi sarai, maganin basir ne, yana kuma taɓa sanyin ƙashi da shawara, kuma in aka haɗa da zuma yana yi wa magidanta wani aikin da ba a faɗa gaban yara. Ya nemi in sayar masa da rabi. Na lura a wajen mutumin nan ko takalmin roba ka miƙa masa maganin basir ne.

Sai tsohon sajan ɗinmu ya miƙo hannu. Bai yi dariya ba. Ya ɓantari kaɗan ya murza a tafinsa, ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya.

"Malam, kun ci wannan a gida?"

"Ɗan kaɗan."

"Kun yi barci?"

Na yi shiru.

"Akwai wanda ya riƙa dariya babu dalili?"

Na tuna auta da tsintsiyarsa. Gabana ya faɗi.

"Shekara nawa na yi a shingen hanya," in ji Sajan. "Haka ake matse ta don ta shige ƙarƙashin kujera. Ni dai ban gani ba, ban ji ba, yau ma ban zo majalisa ba." Ya ajiye mini a cinya, ya goge hannunsa da ƙasa, ya tashi.

Ban taɓa ganin majalisa ta watse da sauri haka ba ko ranar da hadari ya taso. Wannan ya tuna bai yi la'asar ba, wancan matarsa na kira. Mai magani da ke neman rabi ya ce ashe kama ce kawai, ba shi ba ne. Ardo kaɗai ya tsaya, shi ma don ya tambaye ni wa zan bar wa babur ɗina in an tafi da ni.

Ta lungu na koma gida, abin a cikin rigata yana ƙona mini ciki. Na tura shi tsakiyar buhun riɗi na ɗaure. Kwana uku in mota ta tsaya a ƙofar gida sai hanjina ya kaɗa. Ina ganin hotona a talabijin, an rataya mini allo a wuya, ɗaliban da na yi wa bulala a kan sigari suna nuna ni da yatsa. Na yi niyyar in jefa shi a rafin Amba da dare. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce, rowa ce: tsarabar ƙasar waje ba a zubar da ita haka kawai.

Ranar Asabar 'yata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta zo hutun ƙarshen mako, ta shiga ɗebo riɗi za ta yi kantu, ta fito da shi a hannu. Kafin in ce ta rufa mini asiri ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta ɗora kyamarar wayarta a kai. Ina kallo sawun kajin nan ya rikiɗe ya koma boko.

"Baba, shayi ne fa."

"Me?"

"Shayi. Ga shi nan, sunansa Pu'er, daga lardin Yunan."

Na ce na sani, jarraba ta nake yi. Uwargida daga madafi ta yi wani tari wanda ba na mura ba.

Na karɓi wayar, na kuma kwana ban yi barci ba, wannan karon babu laifin miya. Ashe Pu'er sunan gari ne a kudu maso yammacin Sin, can wajen iyaka da Bama da Lawos, inda a da ake tara ganyen kafin fatake su ɗauka. Ganyen irin mai faɗi ne. Ana turara shi ya yi laushi, a zuba a jakar ƙyalle, a ƙulle bakinta, a danne da dutse, ƙullin nan ne ke barin cibiyar da na gani a baya. 'Yar takardar da aka binne a fuska kuwa shaidar masana'anta ce, da gangan ake matse ta ciki don kada a musanya. Dalilin matsewar ma ban sha wahalar ganewa ba, don namu fataken sun riga su koya mini. Wanda zai ɗora kaya a bayan alfadari ya yi watanni yana hawan duwatsu zuwa Tibet, ya ba da shayi ya karɓo dawakai, ba zai ɗauki ganye sako-sako ba, kamar yadda Buzaye ba sa ɗauko gishirin Bilma sai an zuba shi kantu-kantu. Har kuɗi aka yi da bulon shayi a Tibet da Mongoliya, ana saye da sayarwa da shi. Shi kuma 357 ɗin nan da na ɗauka ganganci ne, faifai bakwai ake haɗawa a ƙunshe da ɓawon gora, bakwai sau 357 ya ba da giram 2,499, wato kilo biyu da rabi saura ƙiris. Ga ni malamin labarin ƙasa, kaza ta kwana a kan dami.

Da a nan na tsaya da na tsira da sauran mutuncina. Amma sai idona ya faɗa kan wani bayani: shi wannan shayi ba ya lalacewa da tsufa, ƙara daraja yake yi, ana ajiye shi kamar fili, har an taɓa sayar da ƙunshin tsofaffin faifai bakwai a gwanjon Hong Kong a kan miliyoyin dalar can. Sai kuma na ga cewa a lambobi huɗun da ake bugawa a gaba, biyun farko shekara ce. A ƙasa akwai ƙarin bayani, akwai ma labarin yadda farashin ya rushe a 2007 mutane suka yi asarar dukiya, amma ban karanta ba. Ina zan tsaya karatu? Na dubi takardata. 7572. Saba'in da biyar. 1975, shekarar da Janar Murtala ya karɓi mulki, ina ɗan firamare da gajeren wando.

Kafin asuba na sayi fili a hanyar Shendam, na zagaye shi da katanga, na biya kujerar Makka biyu. Da gari ya waye na tuna kwatar da aka daka, na soke kujera ɗaya. Na samu Uwargida tana dama koko na ce mata, cikin natsuwa irin ta masu hali, "Hajiya, kin san kujerarki kika zuba a miyar kuka?" Ta ce ita dai ba ta je ba tukuna balle a kira ta Hajiya, kuma wa ya ce mutanen Sin sun daɗe suna yin daddawa?

Na ciro shi daga buhun riɗi na mayar da shi akwatin takardun fansho, na sa kwaɗo. A majalisa na daina zama a benci, na sa yaro ya riƙa kawo mini kujera.

Sauran aiki shi ne samun mai saye. Tun da aka soma tagwaita hanyar Keffi zuwa Makurdi ta Akwanga da Lafiya, 'yan Chaina ba baƙin ido ba ne a wajenmu, ga kuma waɗanda ma'adinin litiyom ya jawo jihar. Wani tsohon ɗalibina yana tuƙa ɗaya daga cikin injiniyoyinsu, ya yi mini hanya. Na sa babbar riga, na naɗe faifan a cikin sabon tawul, na ƙudurta a raina ba zan karɓi tayin farko ba ko nawa ne.

A cikin kwantena mai sanyi muka same shi, ɗan siriri mai tabarau. Da na warware tawul fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan garinsu. Ya ɗauka ya shinshina, ya lumshe ido. Na ce a raina, kifi ya ga ƙugiya. Sai ya ga wajen da taɓarya ta ci, ya tambayi me ya same shi. Na ce ɓera.

Na nuna masa 75 da yatsa, na ce da turancin da na koyar da shi shekara 35, wannan ya kusa shekara hamsin. Ya dube ni, ya dubi direbansa, ya juya takardar ya ɗora yatsa a kan lambar wayar kamfani. Ya raba mini ita gida uku: 2021, 03, 15.

Autana ya girme shi nesa ba kusa ba.

Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba sai da ya juya baya yana jona buta. Ya ce 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, ba shekarar da aka yi wannan faifan ba, kamar a ce tun 1975 ake yin burodi iri kaza. Bakwai ɗin matakin ganyen ne. Shi kuma 2 ɗin ƙarshe lambar masana'antar Menghai ce, ta Kunming ɗaya, ta Xiaguan uku. Har gobe ana buga 7572, shayin yau da kullum ne mai kyau, irin wanda mahaifinsa ke sha bayan cin abinci mai maiƙo. Na tambayi kuɗinsa da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya lissafa a waya ya nuna mini. Ko tunkiya ba zai saya ba, kuma wannan kafin ɓera.

Sai ya ƙara mini da abin da ya fi ciwo. Ya ce iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda ake matsewa a bar shi ya tsufa da kansa shekara da shekaru, cikin irinsa ake samun masu tsadar nan. Akwai kuma nunanne, irin nawa, wanda aka gano dabararsa a Kunming a 1973, shekarar da muka bar fam muka kama naira. Ana tsiba ganyen ƙasa, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, ya ɗau zafi ya ruɓa a hankali, ana juyawa, wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Ina jin haka na ga Uwargida a idona. A dafa kalwa, a tsiba, a lulluɓe, a bar ta ta ɗau zafi ta yi wari, a mulmula a danne a shanya. Duk cikin waɗanda suka taɓa abin nan, da mai digiri da mai lasifika da mai shingen hanya, ita kaɗai ta kusa. Na yanke shawarar ba za ta ji wannan daga bakina ba.

Ya ɗauko wani tsinken ƙarfe kamar basilla, ya soka ta gefe, ya ɓamɓaro ɗan abin da bai fi ƙwayar dabino ba. Ya zuba tafasasshen ruwa, ya juye ya zubar. Na miƙe tsaye. A wajenmu ruwan farko shi ne shayi, ko a atayar Buzaye kofin farko ne na manya. Ya ce wanka ne, ganyen ya farka. Ya sake zubawa, bai kai ƙirga goma ba ya tsiyaye a wasu 'yan kofuna da ba su fi murfin kwalba ba. Babu sukari, babu madara, babu burodi. Ruwan ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya ji wuta. Na kurɓa ina jiran ɗacin miyar nan, sai na ji abu mai santsi, da ƙamshin ƙasa, da wani ɗan zaƙi da ke zuwa daga baya bayan ka haɗiye. Sau takwas ya zuba ruwa a kan ɗan ganyen nan yana ba da launi. Na tuna kwata guda a tukunya ɗaya, na gane dalilin da auta ya yi shara.

Da yamma na koma majalisa, na zauna a benci. Na sa mai shayi ya tafasa ruwa zalla, na ɓamɓaro da basillar ɗinkin buhu, na zubar da ruwan farko ina kallon yadda ransa ke ɓaci. Na yi musu lacca ta minti arba'in, daga Yunan har Tibet. Na tuna musu cewa koren ganyen da ake yin ataya da shi ma daga Sin yake zuwa, kalmar shayi kanta daga can ta taso ta biyo ta bakin Larabawa. Liman ya tambaya ko halal ne, na ce ganye ne da ruwa, kuma da yawa daga fataken alfadaran Yunan Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui. Sajan ya ce shi dama bai ce komai ba. Mai magani ya ce duk da haka yana taɓa basir. Ardo ya tambayi sunan, na ce Pu'er, ya ce fura? Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye, ya miƙo kofi a ƙara masa, ya ce yana nan a kan bakansa, sai dai saniyar ta ci ciyawa mai kyau.

Bayan sati biyu ɗan ƙanwata ya kira.

"Kawu, ka ga saƙon nan? Wanda nake sayen fitila a wajensa ne ya ba ni kyauta. Wallahi ni ban san ko mene ne ba, na tambayi yaran shago babu wanda ya sani. Shi ne Inna ta ce in kai maka, tunda babu abin da ba ka sani ba. Mene ne wai?"

Uwargida tana zaune kusa da ni tana gyaran kuka. Ta dakata.

Na ce, "Shayi ne mana. Kallo ɗaya na yi masa."